Wadda Ta Koya Mini Tuƙa Tuwo

Jama'a, abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, a cikin garin Azare, yau shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa gishiri ba, in ma akwai abin da na yi to ragewa na yi. A lokacin ina aikin malamin gona, yau ina Gadau gobe ina Gololo a kan wani tsohon babur ɗina da sai an tura shi yake tashi, ina haya a wani gida mai ɗaki biyu, ni da matata Falmata da 'yarmu guda ɗaya, Ummi, mai shekara shida. Falmata asalin iyayenta mutanen Gashuwa ne, amma a garin Katagum aka haife ta, can danginta suke har yau. Da farkon damina zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana huɗu kacal, Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

To ni dai, gaskiya ɗaya ce, shekara tara muna tare ban taɓa dafa ko ruwan shayi ba. In na leƙa madafa sai ta koro ni da ludayi tana dariya, wai in je in koya wa manoma zuba taki, wannan gonar tata ce. Ni kuwa in dawo tabarma in miƙe ƙafa kamar wani basarake, a kawo in ci in yi gyatsa. Ban san haka zan ji a jikina ba.

Bayan rasuwar maƙwabta sun yi kara, Allah ya saka musu, kwano na shiga kwano na fita. Amma Ummi ta ƙi ci. Ta buɗe kwano, ta sunsuna, ta rufe, ta ce ba irin na Mama ba ne. Na sayo na masu abinci, nan ma haka. Biskit da shayin mai shayi, shi ke nan abin da ke shiga cikinta, yarinya ta bi ta zuge, idanu suka faɗa.

Ranar sadakar arba'in yayar Falmata, Yaya Kaltume, ta zo daga Katagum. Mace ce mai kirki amma ba ta ɓoye magana a ciki. Ta jira mutane suka watse, ta zaunar da ni ta ce, "Malam, ba rigima na zo yi ba. Amma dubi wuyan yarinyar nan, ƙashi duk ya fito. Namiji ba ya riƙon ƙaramar 'ya mace, kai ma ka sani. Da ita zan tafi."

Wallahi ji na yi kamar an sake yi mini wata rasuwar. Ummi ce kaɗai ta rage mini, in ta tafi da wa zan yi magana a gidan nan? Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah, har da hawayena, ni da gemuna. Da ƙyar ta ce to, za ta bari sai an yi hutun makaranta, in ta dawo ta tarar yarinya ta murmure shi ke nan, in kuwa ba haka ba ko birgima zan yi sai ta tafi da ita.

Washegari bayan la'asar na tuɓe riga na shiga madafa, na ce yau ko ni ko tuwo. Na sha hayaƙi kafin wuta ta kama, ruwa ya tafasa, na ɗauko garin dawa kwano guda na juye shi gaba ɗaya a ciki. Kai jama'a! Abin da ya fito ko akuya aka ba sai ta yi ƙara wajen mai unguwa, gudaji ne manya manya, waje ya jiƙe ciki ɗanyen gari. Na yi ta fama da muciya har hannuna ya sage, daga ƙarshe na zauna a kan turmi na haɗa kai da gwiwa.

Sai na ji sallama daga bayan katanga.

Bari in yi muku bayani. Madafarmu a jikin katangar baya take, doguwa ce, ta fi tsawona. Gidan da ke bayanta ƙofarsa ta wani lungu daban take kallo, sai ka zagaya unguwa kafin ka kai, ni kuma da ba na wuni a gari ban san mutanen ciki ba. Muryar mace ce, ƙasa ƙasa, a ɗan dishe kamar mai mura. Ta ce, "Baban Ummi, ya haƙuri? Ai ba a juye gari haka. Zubar da wannan ka sake ɗora ruwa. Ɗebi gari kaɗan ka dama da ruwan sanyi tukuna, shi ne talge, sai ya dahu kake tuƙi."

Kunya ta rufe ni, na ce ashe duk haukan da nake yi matar mutane na ji. Na amsa gaisuwa, na yi godiya, na yi yadda ta ce. Tana daga can tana faɗa, yanzu barbaɗa gari kaɗan kaɗan, tuƙa daga ƙasa, jingina tukunyar da ƙafarka, rage wuta, rufe shi ya turara. Ta sa na jiƙa marar kwasar tuwo kafin in kwashe. Miyar kuka ma ita ta bi da ni, ta ce da maburgi ake kaɗawa, ba da cokali ba. Tuwon ranar bai yi kyan gani ba, malmalar ta karkace, amma na ajiye gaban Ummi, ta dube ni, ta dubi kwanon, ta sa hannu. Loma biyar ta yi, ina ƙirgawa. Na shiga ɗaki na yi sujada.

Daga ranar, kullum bayan la'asar ina hura wuta za ta yi sallama. Na daina kai yamma a ƙauyuka, in azahar ta yi na kamo hanyar gida. Ta koya mini shinkafa da wake, ta ce a fara ɗora waken don ya fi taurin kai. Ta koya mini dafa-duka, da faten tsaki, da kunun gyaɗa na safe. Kuma tana da tsokana, in na yi shirme sai ta ce, "Kai da kake koya wa mutane noman dawa, ga dawa ta gagare ka a tukunya." In yi dariya, wallahi ita ce dariyata ta farko tun bayan rasuwar.

Wani zai ce, to ba ka taɓa leƙawa ba? Haba, wane ni! Matar wani ce a cikin gidan mijinta, ta yi mini alheri, sai in taka turmi in leƙa ta? Ko sunanta ban tambaya ba, Hajiya kawai nake ce mata. Maganar ma iyakarta tukunya, da an sauke sai ta ce a ci lafiya, shiru.

Akwai abu ɗaya da ya ɗan tsaya mini a rai. Wata rana wake ya ƙi nuna, ta ce in jefa 'yar kanwa. Na ce ai ba mu da ita. Ta ce, "Akwai. Duba bayan randa, cikin gwangwanin madara, ba mai jan murfin ba, ɗayan." Na duba, ga kanwa ƙulle a leda. Sai na ce a raina ai mata suna shiga gidajen juna, wataƙila ƙawar Falmata ce, ta san ma'ajiyarta. Na bar zancen a nan.

Ana haka Ummi ta fara cikowa, kumatu suka dawo, ta koma tsalle-tsallenta, har tana tsugunawa kusa da ni tana miƙo mini muciya. Ana gobe Yaya Kaltume za ta zo na faɗa wa Hajiya, na ce gabana faɗuwa yake yi. Ta ce in kwantar da hankalina, in samo tsakin gero da yakuwa da gyaɗa da busasshen kifi, gobe burabusko za mu yi, kuma da hantsi za ta yi mini sallama don baƙuwa ta tarar an gama. Haka aka yi. Ta sa na turara tsakin sau biyu ina yayyafa ruwa ina murje shi da man shanu, na tafasa yakuwa na zubar da ruwan fari don tsami. Da na zo kan kifi zan jefa a tukunya sai ta ce, "Tsaya. Ɗora shi a kan garwashi tukuna ya ɗan gasu, sannan ka daka shi tare da daddawa." Na yi. Da muka gama ta ce, "To Baban Ummi, ai ka iya yanzu. Allah ya raya ta." Na ce amin, ban kawo komai a raina ba.

Yaya Kaltume ta iso bayan azahar. Ta daɗe tana juya Ummi tana duba ta. Na kawo abinci. Ta kai loma ɗaya, ta kai ta biyu, sai ta ajiye hannu ta ce, "Malam, wa ya yi miyar nan?" Na ce ni ne. Ta ce, "Kada ka yi mini wasa. Wa ya ce ka gasa kifi ka daka da daddawa? Innarmu ce take yin haka, daga ni sai Falmata muka ɗauka a wajenta." Sai ta ja mayafi ta rufe fuska tana kuka. Na ce wata maƙwabciya ce ta koya mini. Ta ce ko wace ce Allah ya biya ta, lallai ta zauna da Falmata. Da za ta tafi ta dafa kan Ummi ta ce, "Zauna wajen ubanki. Na bar maka ita, Malam, amanar Allah."

Washegari da safe na sayi goro da sabulu da turare, na ce bari in zagaya in gaida maigidan, in gode masa, ya miƙa wa iyalinsa. Na bi lungu na ƙirga gidaje har na zo daidai bayan namu. Ƙofa a rufe da kwaɗo, kwaɗon ya yi tsatsa. Wani dattijo mai sayar da itace a bakin lungun ya ce, "Malam, wa kake nema?" Na faɗa masa. Ya dube ni ya ce ai gidan nan ya fi shekara ba kowa, tun da mai shi ya rasu magada suka kasa daidaitawa aka kulle. Na ce ba dai wannan ba, jiya jiya na yi magana da matar gidan. Da ya ga na dage sai ya aika aka karɓo makulli wajen wani Alhaji, muka buɗe da ƙyar.

Billahillazi ciyawa ce har ƙugu, tun daga zaure har gindin katanga, ba sawun mutum, ba inda aka taka ta kwanta. Ɗakunan ko ƙyaure babu. Na tsaya a gindin katangar ina hango baƙin hayaƙin madafata ta sama, tsigar jikina ta tashi, sai da dattijon nan ya ja hannuna muka fito.

Kada wani ya ce na ce matata ce. Ban faɗa ba. Na san muryar Falmata ko cikin kasuwa, wannan ba ita ba ce, kuma da na kai wa limamin unguwarmu zancen ya ce wanda ya tafi ya tafi, in yi mata addu'a in bar bincike. Tun ranar kuma na hura wuta sau ba adadi a madafar nan, ban sake jin sallama ba.

Sai bayan kwana uku na yi ƙarfin halin tambayar Ummi, muna cin shinkafa da wake. Na ce, "Ummi, kina jin matar nan da take koya mini girki?" Ta ce, "Ina ji mana. Ai ni ma tana yi mini magana in ka tafi masallaci." Na ce me take ce miki? Ta ce, "Cewa take in ci abincinka ko bai yi daɗi ba, don kada a raba mu." Na ce, wace ce? Sai yarinyar nan ta ɗago ta dube ni kamar na yi tambayar da ba ta da kai, ta yi murmushi, ta ci gaba da cin abincinta. Yau Ummi ta zama budurwa, ta fi ni iya girki nesa ba kusa ba, kuma na sha tayar da zancen, cewa take ba ta tuna ba.

Ni dai shawarata gare ku maza 'yan'uwana, wanda matarsa ke raye ya ɗauki kujera ya zauna kusa da ita a madafa, ko korarsa take yi ya ƙi tashi, ya koyi ko da tuwo da miya ɗaya ne, ya kuma ce mata sannu da aiki tun tana jin sa. Waɗanda nasu suka riga mu gidan gaskiya kuma a yawaita musu addu'a. Ni har yau in na ɗora tukunya bayan la'asar ba na kunna rediyo, kuma ba na juya wa katanga baya.