Daga Ɗakina Sai Ɗakinki

Saƙon muryar ya shigo wayata ne ana cikin zafin bazara, ina zaune a ofis fanka na kaɗa mini iska mai ɗumi. Jikan Inna Babba ne ya turo daga can ƙauyensu na bayan Mirya, a ƙasar Damagaram. Inna Babba ita ce yayar mahaifiyata, ita ta goya ta bayan uwarsu ta rasu. Muryarta ta fito a shaƙe, tana cewa idonta na hagu ya rufe, na dama ma ya kama hanya, kuma likita ya ce ba irin yanar da ake cirewa ba ce. Ta ce a gaya wa ƙanwarta, in tana so a gan ta, to ta zo tun da sauran gani.

Da na tashi aiki na wuce gidanmu na Ƙofar Marusa na kunna wa Hajiya, mahaifiyata. Ta saurara har ƙarshe, ta ce in sake. Rabonsu da juna ya yi nisa. Jinyar mahaifina ta riƙe ta shekaru, yana rasuwa kuma aka shiga lokacin rufe boda. Ba ta yi kuka ba, sai ta tambaye ni ko motata za ta iya.

Na ce za ta iya, kuma dole mu tafi kafin ruwa ya sauka, don hanyar ƙauyen rairayi ce da ƙoramu, ana ruwan farko sai amalanken shanu. Ni mutum ne mai son tsari, har abokan aiki kan tsokane ni da haka. Na kai motar wajen bakanike a Ƙofar Kaura, na sauya tayoyi biyu, na zauna da taswirar waya na fitar da tafiya mai kyau. Mu fita ta Jibiya, mu tsallaka, mu isa Maraɗi rana ba ta yi zafi ba, mu kwana gidan Kawu, ƙanen Hajiya. Washegari mu bi ta Tasawa zuwa Damagaram. In mun gama da Inna Babba mu dawo ta Matamaye da Kongolam, mu leƙa autarsu da ke aure a Daura, sai gida. Da'ira guda, babu inda za a maimaita hanya, tsohuwa kuma ta huta a tsakani. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Hajiya na tsince shinkafa a faranti lokacin da na zayyana mata. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kai yanzu da wa ka fara?"

"Da Kawu, Hajiya. Shi ne kan hanya."

"Kawunka Yaya ta raine shi a bayan uwarmu, kai ko ka sa shi gaba. Mi kake so ta ce? In je in ci tuwon ƙane, in kwana, sannan in kai mata ragowar gaisuwa?"

Na ce ai hanya ce ta zo da haka, ba raini ba ne. Ta ce hanya ba ta san babba ba, amma ita ta sani. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Mace mai ciwon gwiwa da hawan jini, a cikin wannan zafin da ko ƙadangare ke neman inuwa, tana so a yi mata doguwar tafiya a zama ɗaya saboda kada a ce. Kuma wa zai ce? Tsohuwar da ke can tana fama da idonta?

Na fita zaure na kira Kawu, ina neman wanda zai tsaya mini. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali da aiki da zafi da mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya. Da na kawo maganar sai ya katse ni.

"Kul! Kada ka kuskura ka kawo min ita kahin Yaya. So kake a ce ni na tare ta? In kuka shigo Maraɗi ma ban san ku ba."

Na kashe wayar ina dariyar takaici. Su duka kansu ɗaya ne.

To, na juya da'irar. Mu fara ta Daura, mu ƙare ta Maraɗi. Na koma ciki da murna, Hajiya ta dube ni kamar yaron da ya kawo aike ba daidai ba. Gidan autarsu a Daura a bakin titi yake, mijinta kuma yini yake a kan benci a ƙofar gida, ya san motata tun daga nesa. In mun tsaya mun fara da ƙaramar cikinsu gaba ɗaya, abin ya fi na Maraɗi muni. In mun wuce ba mu tsaya ba, mun yanke zumunci a bainar jama'a. Na ce to ta kwanta a kujerar baya ta lulluɓa da mayafi har mu fita gari. Ta ce ita ba ɓarauniya ba ce.

Kwanaki muka yi a haka. Hadari ya fara leƙowa ta gabas da la'asar, ya yi duhu ya watse, ni kuwa duk leƙowarsa sai gabana ya faɗi. Ina ta tunanin idon nan na dama, kullum yana raguwa, mu muna Katsina muna gardamar wa za a fara gaisarwa. Ran nan na kasa daurewa na faɗa mata haka, da murya sama da yadda ya kamata ɗa ya yi wa uwarsa. Sai ta ce a hankali:

"Ba ni da abin da zan kai mata. Atamfa tana da ita, goro haƙoranta sun ƙi. Abin da ya rage min in ba ta shi ne in ce mata daga ɗakina sai ɗakinta. Shi kake so ka raba wa yara a hanya?"

Tausayinta ya kama ni. Ban yarda tsarina ba shi da kyau ba, har yau ma ban yarda ba, amma daga ranar na daina ja.

Ita ce ta samo mafita, tana ninke kaya. Ta ce in kira autar in ce ta haɗa jakarta, da ita za a tafi. Ta tsaya a bakin titi, mu ɗauke ta. Hajiya ba za ta sauko ba, ba za ta sha ruwan gidan ba, saboda haka ba ziyara ba ce, ɗaukar fasinja ce. Mijin ya zo ya gaishe ta ta taga, wannan ba laifi. Na ga ta ajiye wata atamfa ruwan ɗorawa mai haske a saman kayan, irin wadda ta daina sawa tun rasuwar mahaifina. Na tsokane ta ko biki za mu. Ta ce jikan ya gaya mata Yaya ba ta rarrabe duhun kaya yanzu, sai mai haske.

Haka aka yi. A Daura autar ta shigo da kwanon fura, Hajiya ta ce a rufe shi sai an tsallaka boda. Muka sha rana, muka sha tambayoyin jandarmomi, motar ta kafe a rairayi bayan Mirya sai da mutanen wata rijiya suka tura mu. Gwiwoyin Hajiya suka kumbura.

Mun sami Inna Babba a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, ta juya fuskarta wajen haske. Ta ƙanƙance ƙwarai. Tun kafin mu yi sallama ta ɗaga kai wajen atamfar nan tana bin ta da ido. Hajiya ta durƙusa da gwiwoyin da suka ƙi lanƙwasuwa duk hanya.

"Kun biya wajen yaran?" in ji Inna Babba. Yaran nan, Kawu da autarsu, kowannensu yana da jikoki.

"A'a, Yaya. Daga ɗakina sai ɗakinki."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ta kamo fuskar Hajiya da hannu biyu, ta juya ta wajen rana, ta matso da ita dab da idon dama. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ture ɗankwalin baya kaɗan da babban yatsa.

"Furfura ce wannan? Ke, wa ya ba ki izinin tsufa ban sani ba?"

A nan ne Hajiya ta yi kukan da ta riƙe tun Katsina.