Dattijo Mai Kwalbar Laka

Tana zaune a barandar jami'a, tana jiran a buɗe mata ofishin marigayi mijinta ta kwashe littattafansa na lissafin taurari. Tun ranar rasuwar ba ta jin komai, ko kukan ma ya ƙi zuwa.

Ta wata ƙofa tana hango wani dattijo siriri, rigar aikinsa duk tabo, tabaransa ɗaure da zare. Da alama cikin masana halittun nan yake, waɗanda aka haɗa da mijinta neman alamar rai a wasu duniyoyi. A ganinta, mai wannan riga ba wanda ke jiransa a gida.

Yana ɗaga kwalbar baƙar laka saitin taga, yana juya ta kamar mai rarrashin jariri.

Ta ce, "Malam, mene ne a ciki?"

"Ƙwayoyin halitta ne, baiwar Allah, daga ƙarƙashin ƙanƙara."

"Ai sun mutu."

"Haka kowa ke cewa. Shekara da shekaru ba ci, ba motsi. Amma da ransu."

Ya koma kan aikinsa. Ita kuwa ta ɗora hannu a ƙirjinta, ta daɗe ba ta ɗauke ba.