Gangar Baba da Lasifikar Gazawa

Ranar wata Alhamis, a daminar shekarar da aka sa ni lakol, wato makarantar boko, aka yi gayya a gonar maƙwabcinmu, yamma da ƙauyenmu a ƙasar Sae Sabuwa. Samari sun jeru da hauyoyinsu cikin gero mai kai gwiwa, ƙasa da sauran danshin ruwan shekaranjiya. Mahaifina, makaɗin noma ne da duk karkarar ta sani, ya rataya gangarsa yana bin bayansu. Kowane saurayi da takensa. In Baba ya ga wani ya fara sanyi, sai ya matsa kusa da shi ya buga masa take, ya kira sunan kakansa, nan take mutumin ya kurma ihu ya duƙa, ya bar na kusa da shi a baya. Ni an zaunar da ni gindin aduwa ina gadin hura don kada awaki su ɓarar, amma ƙafafuna sun ƙi zama wuri ɗaya. Da aka tashi shan hura Baba ya dafa kaina ya ce, "Haruna, haka ake ji. Da ƙafa ake saurare, ba da kunne kaɗai ba."

Na daɗe ban san wani kiɗa ba sai wannan, da waƙar Inna a bakin dutsen niƙa, da gaɗar ƴan mata a dandali. Wajen kiwon awaki na fara jin sarewar wani Bafillace da ke sauka da shanunsa bayan girbi, na riƙa barin awakina suna ɓarna ina bin sautin. Ranar kasuwar Gidan Rumji kuma, in mun je sayar da wake a amalanken jaki, sai in sulale in tsaya wajen masu kalangu a rumfar mahauta, ko wajen wani makaho mai kukuma. Duk abin da na jiyo, in na dawo sai in kwaikwaya wa Baba da baki, shi kuma ya gwada shi a ganga muna dariya.

Da na ci jarrabawar shiga kwaleji aka tura ni Gazawa wurin Kawu Laminu, ƙanin Inna, mai shagon cajin waya kusa da tasha. A shagon nan kunnena ya buɗe gaba ɗaya. Direbobi da ƴan kasuwa masu ƙetara iyaka suna kawo waƙoƙin fina-finan Hausa masu fiyano, da na Indiya waɗanda muke haddacewa ba mu san ma'anarsu ba. Wani ɗan ajinmu ya jiyar da ni gitar Buzaye, na yi mako ina jin kamar ina kewar wani gari da ban taɓa zuwa ba. Daga baya na faɗa wa waƙoƙin samarin Yamai, masu zuba magana da Hausa da Zabarmanci da Faransanci suna zagin talauci. Duk ina son su har yau. Sai dai kowane sabo in ya shigo, yakan tura na da baya, kuma gangar Baba ce a can ƙarshen layi. Wani hutu na sa masa abin saurare a kunne. Ya saurara yana gyaɗa kai, ya ce, "Wannan mai kiɗan bai gajiya?" Na ce inji ne. Ya ce, "To, wa yaka kira?" Na tuntsure da dariya.

Ina da shekara goma sha bakwai aka yi auren wana, Sani. Ni na ɗauko lasifika biyu da injin wuta daga Gazawa, don in nuna wa samarin ƙauye cewa na waye. Ban san Baba ya yi mako yana shiri ba: ya sake wa ganga fata, ya tsara wa ango sabon take. Bayan la'asar, fili ya cika, ƙura na tashi, sai ga shi ya fito da shuɗiyar rigarsa, ganga a kafaɗa. Ya buga, ya sake bugawa. Ina ganin hannunsa na sauka amma saboda kiɗan lasifika ko ni da ke kusa ban ji gangar ba. Babu wanda ya waiwaya. Ya zo inda nake tsaye da abokaina ya ce, "Rage mani shi kaɗan, in yi ma ɗan'uwanka take guda." Na ce, "Baba, yanzu an bar yayin wannan. Bari sai an watse." Ya dube ni, ya ce "To," ya juya ya shige gida. Aka watse, bai fito ba.

Bai ƙara taɓa gangar ba. Gayyar ma daga shekarun nan ta mutu, samari sun tafi haƙar zinariya, noma ya koma na jinga. Ya rataye gangar a zaure, ɓeraye suka cinye fatar. Ban ba shi haƙuri ba, ina ta cewa sai na sami lokacin da ya dace. Sau ɗaya na kunna wayata na roƙe shi ya buga ko a bayan ƙwarya ne in ɗauka. Ya ce, "Hannun ya manta." A rani na uku bayan bikin ya rasu. Da ƴan bindiga suka matsa wa yankinmu, muka kwaso Inna da abin da amalanke zai iya ɗauka zuwa Gidan Rumji, gangar tana rataye muka bar ta.

Bara na nemo wani tsoho cikin manoman da Baba ya yi wa kiɗa, shi ma gudun hijira ya kawo shi gari. Na roƙe shi ya rera mini takensa. Ya rufe ido, ya fara tafa cinya, ya kai rabi ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya a wuri guda. Ya ce, "Ɗana, sauran yana wurin babanka."

A da kiɗa ɗaya na sani, kuma mai yin sa ya san sunana da na kakana. Yanzu wayata cike take da waƙoƙin ƙasashen da ban san hanyarsu ba, ina ji a kan babur, ina ji a wurin aiki, ƴaƴana ma suna kawo mini nasu. Na ji kiɗan kowa, na mahaifina ne kawai na ce ya jira.