Gaisuwar da Kaka Ta Ƙi Amsawa

Jiya jikata tana karanta darasin yaƙin basasar Amurka, wanda aka gwabza a kan bauta, sai na ji wuyan hannuna yana zafi, daidai inda Kaka take riƙe ni.

Shekarata tara lokacin, ba a daɗe da yin shelar hana bauta a rediyon Saudiyya ba. Mun je kasuwar Bab Makka da ke Jidda sayen yadi, ko'ina ƙanshin gasasshen nama da turaren wuta. Sai wani dattijo mai farar riga ya tare mu da murmushi, ya gaishe mu da Hausa.

"Sannu, Hajiya. Wannan jikarki ce? Tubarkalla."

Farcen Kaka ya shige fatata. Ta ce masa da Larabci ba ta jin yarensa, ta fizge ni: "Yalla, mu tafi!"

Sai da muka isa gida a unguwar Sa'alaba, ta sa sakata, sannan ta yi magana.

"Mutumin da ya sayar da ƙanwata a hanyarmu ta zuwa hajji, da Hausa ya gaishe mu. Har dabino ya ba ta."

Na ce, "Kaka, ai an hana, shi ke nan."

"A rediyo aka hana. Rediyon ya dawo mini da ita?"

Har ta rasu, in ta ga baƙar tsohuwa a kasuwa sai ta leƙa fuskarta, tana neman tsage uku a kumatu, irin na ƙanwarta.

Allah ya jiƙan Kaka. Ya haɗa ta da ƙanwarta inda babu mai raba su, ko ta samu ta saki hannuna.