Jimlar Da Na Kulle Takardar Baba Da Ita

Ina da shekara ashirin da uku a lokacin, 'yar tela ce ni, mahaifina ya zo Yamai daga Damagaram tun kafin a haife ni, ya kafa keken ɗinkinsa a unguwar Banifandou. Duk unguwa an san ni da abu guda, wato littattafan soyayya na kasuwa. Ina da kwali guda cike da su a ƙarƙashin gado, kuma na yarda har zuciyata cewa rayuwa haka take tafiya: a wahala a tsakiya, a yi kuka, sannan a shafi na ƙarshe komai ya daidaita da kansa. Ina rubuto muku wannan ne don abin da ya same ni ya daɗe yana cin raina, kuma ban taɓa faɗa wa kowa shi daga farko har ƙarshe ba.

Da na gama lise, wato sakandare, ban samu wucewa jami'a ba, sai wata ƙawata ta ja ni zuwa wata ƙaramar cibiya da ake koyar da aikin na'ura mai ƙwaƙwalwa. A can na fara sanin Linux, tsarin da ke tafiyar da na'ura wanda kowa ke da damar ɗauka kyauta, ya duba cikinsa, ya gyara. Ranar farko da malamarmu ta buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa na'ura umarni, tsoro ya kama ni. Amma cikin wata biyu na kamu da sonsa. Na koyi buɗe wa mutane asusu, da ba wannan izini a hana wancan, da sabunta tsari. Malamar mace ce mai kaifin baki. Takan ce mana mai kula da na'ura kamar mai riƙon makullin rumbun gari ne, ba nasa ba ne hatsin, kuma duk makullin da mutum ɗaya kaɗai ya san inda yake, to ɓatacce ne, ranarsa ce kawai ba ta zo ba. Na rubuta maganar a littafina, har na ja mata layi da jan biro.

A ajin nan akwai wani saurayi mai sanyin murya da ke zama kusa da ni. Wata rana ya miƙo mini littafina da ya ara, na buɗe na ga wasiƙa a ciki, rubutun hannu, a zamanin da kowa ke aika saƙo ta waya. A tsakiyarta akwai wata doguwar jimla a kan gulbi da farin wata da haƙurin mai jira, da sunana a ƙarshenta. Na karanta har takardar ta yi laushi. A ganina ba a taɓa gaya wa wata mace irin wannan magana ba tun da aka halicci duniya.

Bayan mun gama, na samu aiki a wata ƙungiyar masu lambu a Gamkalley. Shugabarsu wata Hajiya ce mai sayar da kayan miya, ta riƙe ni kamar 'yarta. Suna da na'ura guda da wani ya ba su, tana aiki da hasken rana da batir, ba a kashe ta dare da rana. Aikina shi ne in ɗauki hoton takardun gonakin membobi in adana, in mayar wa kowa da tasa. Ni na sa mata Linux da hannuna. Wurin sakawa, tsarin ya tambaye ni ko ina so a kulle faifan ajiyar duka, ta yadda ko ɓarawo ya sace na'urar ba zai karanta komai ba. Na ce ina so. Ya nemi doguwar kalmar sirri. Sai na ciro wasiƙar daga jakata, na kwafe jimlar nan harafi bayan harafi, duka da ƙananan baƙaƙe ba tazara, ina murmushi ni kaɗai. Na ji kamar na ɗaura mana aure a asirce. Na yi ajiya ta biyu a wani faifai dabam kamar yadda aka koya mana, amma shi ma da jimlar na kulle shi. Malama ta sha gaya mana a ƙara makulli na biyu, a rubuta shi a rufe a ambulan a ba shugaba. Ban yi ba, don kunya nake ji wani ya ga abin da na sa, kuma ban so wani makulli ya zauna kusa da nawa.

Ku lura da wannan, don a nan tarkon yake. Doguwar jimlar ba a neman ta sai lokacin da na'ura ta mutu aka sake kunna ta. Kullum da wata gajerar kalma nake shiga. Don haka a shekara guda ban rubuta jimlar ba fiye da sau uku, kuma kowane karo wasiƙar na gabana.

Cikin membobin akwai wani dattijo Bazabarme da kowa ke kira Baba. Hausarsa ta kasuwa ce, yana haɗa ta da dariya. Kullum ya zo sai ya ajiye mini ƙullin zogale ya ce in kai gida a yi kwaɗo, 'yar birni ta yi ƙiba. Takardarsa tsohuwa ce ƙwarai, yarjejeniya ce ta hannu tsakanin mahaifinsa da maƙwabcinsu, da shaidu da hatimin mai unguwa na wancan zamani, ta nuna cewa rijiyar da ke kan iyaka da fangalolin da ke kewaye da ita nasu ne. Da damina gulbi ya cika ya shiga gidansa, akwatin takardunsa ya zama kunu. Ya zo ofis, na buɗe masa hoton a allo. Na ce bari in buga masa a takarda, ya ce a'a 'yata, bar ta a cikin ƙarfen nan, can ruwa ba ya kai. Na bar ta.

A tsakanin nan saurayin ya ja baya, daga baya na ji ya yi aure. Ranar da na ji, na tsaya gaban murhun mahaifiyata na jefa wasiƙar cikin wuta kamar yadda jarumar kowane littafi take yi. Sai da toka ta kwanta na tuna da na'urar. Ga laifina na gaskiya: na'urar tana kunne, komai a buɗe yake, cikin rabin awa zan iya kwashe duk takardun zuwa wani faifai. Ban yi ba. Na gaya wa kaina ai jimlar tana cikin jinina, yaya za a yi in manta. Amma na ƙi gwadawa, don gwadawa na nufin in sake furta kalmominsa. Wata biyar, duk sanda na sabunta tsari sai saƙo ya fito cewa ana bukatar a sake kunna na'ura. Sai in rufe saƙon, in ce gobe.

Da bazara jikan maƙwabcin Baba ya dawo daga tafiya, ya ce rijiyar ta kakansa ce. Aka sa ranar Alhamis za a zauna gaban mai unguwa. Baba ya aiko cewa in buga masa takardar. Ranar Litinin da hantsi na iso ofis na tarar da shiru, irin shirun da ban saba ji ba. Zafi ya kashe batir. Mai gyara ya canza shi kafin azahar, na danna maɓalli, baƙin allo ya fito da layi guda yana neman jimlar. Na rubuta, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Na tuna gulbin, na tuna watan, amma wanne ya fara zuwa, kuma "mai jira" ne ko "mai haƙuri", ban sani ba. Na cika shafi huɗu da gwaji. Hajiya ta leƙo ta tambaya ko lafiya, na ce mata ƙaramar matsala ce, na'ura tana hutawa. Ƙaryata ta farko ke nan. Da yamma Baba ya zo da zogalensa, na ce masa tawada ce ta ƙare, ya dawo Laraba. Ya ce ba komai, ya amince da ni fiye da aljihunsa.

Talata da safe na kira malamata. Na yi zaton akwai wata ƙofar baya da manya suka sani. Ta tambaye ni ina ambulan. Da na ce babu, sai ta ce kullen da na sa an yi shi ne don kada kowa ya iya karya shi, har da ita, har da waɗanda suka ƙirƙire shi. Ta ce in je yanzu in gaya wa shugaba a nemi ɗage zaman. Na ce to. Ban je ba. Maimakon haka na hau taksi zuwa Koira Kano, inda saurayin ke aiki a wani shagon gyaran na'urori, don a littattafaina a irin wannan shafin ne ake samun mafita.

Ya gan ni ya miƙe tsaye kamar an kama shi da sata. Na ce masa ba soyayya ta kawo ni ba, jimla ɗaya nake so, wadda ya rubuta mini a kan gulbi. Ya sosa kai ya ce wace jimla. Na maimaita masa abin da na tuna. Sai ya yi wata 'yar dariyar kunya, ya ce don Allah in yafe masa, shi bai iya irin wannan magana ba, daga wani littafi ya kwafo, ya cire sunan yarinyar ya sa nawa. Bai tuna sunan littafin ba, sai dai bangonsa kore ne, da hoton mace riƙe da laima. Ban yi kuka a gabansa ba. Na fita na nufi kasuwa, na bi masu littattafai tebur bayan tebur har la'asar. Wani ya ce mini, 'yan mata, koren bango ai ya fi ganyen zogale yawa. Laraba ma haka na wuni ina buɗe shafuka a tsaye, na kashe wayata don kada Hajiya ta same ni. Baba ya je ofis ya tarar da ƙofa a rufe, ya zauna a bakinta har rana ta yi sanyi.

Alhamis da safe na je na durƙusa gaban Hajiya na faɗi gaskiya. Ba ta zage ni ba. Ta ce da Litinin na faɗa, da ta roƙi mai unguwa mako guda, amma yanzu mutane sun riga sun taru, wasu sun zo daga nesa. Aka zauna ba takarda. Shaidun yarjejeniyar duk sun rasu. Bayan doguwar magana dattawa suka yi sulhu, aka raba: Baba ya riƙe fangalolin gabas, jikan maƙwabcin ya ɗauki rijiyar da na kusa da ita. Baba ya ba da hannu, aka yi fatiha.

Juma'a na kasa fita. Na jawo kwalina da niyyar in zubar da littattafan duka, ina ciro su ɗaya-ɗaya, sai ga koren bango da mace riƙe da laima. Nawa ne. Shi ne littafin da saurayin ya ara ya maido mini da wasiƙar a ciki. A wani shafi na tsakiya ga jimlar, an ja mata layi da fensir. Na taɓa karanta ta tun ina lise, amma da aka sa sunana a ƙarshenta ban gane ta ba. Makullin yana ƙarƙashin gadona duk kwanakin nan da nake yawo a rana. Na je ofis, na rubuta ta da sunana a ƙarshe, na'ura ta buɗe a gwajin farko.

Na buga takardar na kai wa Baba lambu. Na same shi yana ɗauko ruwa da gwangwani biyu daga bakin gulbi, tafiya mai nisa ga tsoho, rijiyar kuwa tana nan taku goma daga inda yake ban ruwa. Na ce masa ga hujja, a koma wurin mai unguwa. Ya goge hannu a riga, ya karɓa, ya daɗe yana kallon wurin da mahaifinsa ya dangwala yatsa. Sannan ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya ce ya riga ya ba da hannu a gaban mutane an yi fatiha, kuma shi ba zai zama tsohon da ke lashe yawunsa ba. Ya ce in daina kuka, kala suuru, wato sai haƙuri. Da zan tafi ya tsinko mini zogale kamar kullum. Wannan ƙullin ya fi mini zafi a kan duk zagin da zai iya yi mini.

Hajiya ba ta kore ni ba, har yau ina wurin. A ranar na ƙara makulli na biyu, na rubuta shi na rufe a ambulan biyu, ɗaya wurinta ɗaya wurin limamin unguwa. Na cire jimlar daga na'urar. Na buga wa kowane memba takardarsa ko ya so ko bai so ba, kuma duk farkon wata nakan kashe na'urar da gangan a gaban shugaba in sake kunna ta, mu ga ta buɗe da idonmu.

'Yan'uwana masu koyon wannan aiki, Linux bai cuce ni ba, abin da na umarce shi ya yi, kuma da aminci ya yi shi. Ni ce na ɗauki amanar mutane na ɗaure ta da zaren zuciyata. Kada ku kulle kayan jama'a da sirrin da kuke jin kunyar faɗa. Kada ku ce gobe ga abin da rabin awa zai gyara. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa tun ranar Litinin, don kunyar da kuke gudu ba ku ne za ku biya ta ba. Ni dai kullum in na bi ta hanyar lambu da safe, ina ganin Baba da gwangwanayensa biyu yana wuce rijiyar mahaifinsa ba ya ko waiwayarta.