Kastar ɗin da Inna ba ta sha ba

Shekarun baya, ranar da Allah ya karɓi ran mahaifiyata, labarin ya shigo gidanmu ina zaune gaban kanun, murhun gawayinmu, ina ɗumama madara. Na ji wayar yayar mijina ta yi ƙara a ɗakinta. Na ji ta ce "Na'am," daga nan sai shiru. Ban kawo komai a raina ba.

A lokacin ina aure a wani ƙauye kusa da Abu Hujar, gida ɗaya da ita yayar mijin nawa, wadda muke kira Yaya. Inna kuwa tana can wajen Rusairis, a gidan wana. Ta daɗe tana jinya, har ta kai ba ta iya haɗiye tuwo. A waya ta ƙarshe da muka yi, da ƙyar nake jin muryarta. Ta ce, "In za ki taho, ki yi mini kastar. Irin nawa, ba na gwangwani ba."

Inna ba ta taɓa yarda da garin kastar ɗin nan rawaya da ake sayarwa a shago ba. Cewa take yi rini ne da ƙamshi kawai. Nata da madarar saniya ake yi, wadda aka tatso a ranar, da gwaiduwar ƙwan kajin gida, da sukari, da ɗan nasha, wato garin sitacin masara, da gishiri ɗan mitsitsi. Sai an sauke ake zuba faniliya don ƙamshi, da ɗan man shanu. Ta koya mini tun ina yarinya, da faɗa da komai, domin ni mai gaggawa ce, nawa kullum da gudaji.

Ranar nan na yi niyyar in yi shi yadda take so, in shiga hafila, ƙaramar motar hayar nan, in kai mata da hannuna. Na kaɗa gwaiduwa da sukari da nasha har suka yi fari. Na ɗebi madara mai zafi da ludayi ina zuba wa ƙwan kaɗan-kaɗan don kada ya dahu ya tsinke. Na juye duka a tukunya, na rage gawayi, na kama juyawa. Daga nan ba a ɗaga hannu. In ka tsaya ko na ɗan lokaci, ƙasan ya kama, ƙauri ya shiga ko'ina.

A nan Yaya ta fito. Ta tsaya a kaina tana kallon tukunyar, sannan ta jawo kujera ta zauna.

Na ce, "Yaya, wa ya kira?"

Ta ce, "Mutanen gida ne. Juya abinki, kar ya kama."

Ni kuwa sakarya na ci gaba da juyawa ina ta zuba surutu. Ina ba ta labarin yadda Inna take duba kastar da bayan cokali, ta ja yatsa a kai, in layin bai haɗe ba to ya yi. Ina cewa yau dai tsohuwa ba za ta sami abin kushewa ba. Har na ɗiba a cokali na miƙa mata ta ɗanɗana. Ta ɗanɗana. Ta ce, "Ƙara sukari kaɗan."

Wannan kalmar ita ce har yau ba ta bar ni ba. Ta san uwata tana kwance an rufe ta da zane, ta ce in ƙara sukari.

Na ƙara. Na sauke, na zuba faniliya, na tace, na juye a kwanuka. Ta ce in bari ya huce kafin in rufe, kada gumi ya ɗiga a kai. Na bari. Sai da na rufe na ɗaure a tsumma, sannan ta kama hannuna ta ce, "Ki yi haƙuri. Inna ta cika. Wanki ne ya kira ɗazu."

Ban yi ihu ba. Na tambaye ta, "Ɗazu yaushe?" Ta ɗauko mayafinta ta ce mu tafi tasha.

Daga baya na ji abin da wana ya ce mata. Ya nemi mijina bai same shi ba, yana gona. Sai ya kira ta a matsayinta na babba, ya ce ta sa ni a mota yanzu-yanzu. Ana tsananin zafi, ba za su iya riƙe gawa ba, bayan azahar za a yi salla. Ya ce za su ɗan jinkirta rufe fuska saboda ni.

Da muka isa tasha, hafilar ta riga ta tashi. Mai shayi ya ce yanzun nan ta fita. Muka zauna a cikin wata hafilar muna jiran ta cika. Duk wanda ya san hanyar nan ya san mota ba ta motsi sai kujera ta ƙarshe ta sami mai ita. Ina zaune ina kallon ƙofa, Yaya tana gefena da ƙullin kwanukan a cinya. Ban ma lura ta ɗauko su ba.

Mun shiga unguwar su wana daidai lokacin da maza suke dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu duk ƙasa. Wana ya hango ni, ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Mun jira ki, wallahi mun jira ki."

Da yamma, a wajen zaman makoki, na ga kwanukana suna zagayawa tsakanin mata. Wata tsohuwa maƙwabciyar Inna ta sa cokali ta ce, "Masha Allah, wannan hannun marigayiya ne sak." Na tashi na shiga bayan ɗaki.

Bayan kwanaki, da muka koma gida, na tambayi Yaya dalili. Cikin ladabi na yi, don ta girme ni nesa.

Ta ce, "Ke yarinya, ba a gaya wa mace mutuwa tana kan wuta. In kin faɗi a kan gawayi fa? Mi zan ce wa ƙanena?"

Na ce, "Da kin sauke tukunyar, Yaya. Da kin kira ni ɗaki."

Ta ce, "In sauke ya lalace? Madara da ƙwai haka? Wanda ya tahi ya riga ya tahi. Halas, ya wuce. Ma'alesh, ki yi haƙuri."

Mijina ya ce in bar maganar, ba da mugun nufi ta yi ba. Manyan gidan ma haka suka ce. Na yarda ba mugunta ba ce. Na kuma san ko da na kama hafilar farko, Inna ba za ta buɗe ido ta gan ni ba. Amma ganin fuskarta kafin a rufe haƙƙina ne, kuma wata ta zauna a kujera ta auna shi da tukunyar madara, ta ga madarar ta fi nauyi. Ba ta tambaye ni ba. Da ta faɗa mini, ni da kaina zan zaɓa, kuma na san abin da zan zaɓa.

Abin da na ɗauka daga wannan kaɗan ne. In aka ba ni saƙon rasuwa in kai wa wata, ina zaunar da ita, in faɗa mata a lokacin. Abin da ke kan wuta ya ƙone.

Muna nan da Yaya, gida ɗaya. Ta tsufa, haƙoranta sun zube, kuma da azumi takan aiko in yi mata kastar irin na Inna. Ina yi, in kai mata, ta sa mini albarka. A wurinta maganar ta wuce tuntuni. Har yau ban gaya mata cewa ban yafe ba.