Layi Uku a Ƙarƙashin Gawo

Da na gama bautar ƙasa ban samu aiki ba. Na yi wata huɗu a Kano ina yawo da takardu daga wannan ofis zuwa wancan, har ɗan guzirina ya ƙare, sannan na tattara na koma gida. Shekarun fari ne. Damina biyu a jere ba wanda ya cika rumbu, ma'aikatu kuma sun daina ɗaukar mutane.

Ƙauyenmu yana gabas da Ɗanbatta. Gidaje tara ne na Kirista, idan ban manta ba, da ƙaramar majami'a ta ƙasa mai rufin kwano, garuruwan Musulmi kuma sun kewaye mu. Kakanninmu da nasu tare suka sari dajin, don haka gonakinmu a cuɗe suke. A wajenmu babu fili da ba shi da mai shi. Inda gonarka ta ƙare nan ta wani ta fara, abin da ya raba ku kuwa layin gamba ne, ciyawar nan da ake yin zana da ita.

Ana gab da saukar ruwa kurkunu ya kama Baba a ƙafa biyu. Ya kwanta a zaure, kullum ana naɗe tsutsar kaɗan-kaɗan a jikin tsinke. Shuka ta dawo kaina, ni da rabona da riƙe fartanya da gaske tun ina sakandare.

Gonarmu ta gabas tana iyaka da ta wani tsoho da kowa ke kira Malam. Yanar ido ta kusa rufe masa gani, 'ya'yansa maza kuma sun tafi cin rani kudu ba su dawo ba. Surukinsa ne ya shuka masa rabin gonar da ke kusa da gida, sauran aka bari. A ranin nan dabbobi sun cinye gamban iyaka har ƙasa, iska ta kawo rairayi ta binne abin da ya rage. Da muka je shuka ba alamar komai, sai wani babban gawo da ke tsaye a wajen. Duk manomi ya san gawo: da damina yake zubar da ganye, ba ya tare rana, ƙasar gindinsa kuma ta fi ko'ina taki. Ko a shekarar da gero ya ƙi, na ƙarƙashinsa yakan yi.

Baffana, ƙanen Baba, shi ne ya zo taya ni. Yana sara da sungumi, ina bin sa ina zuba iri ina rufewa da diddige. Da muka kai kusa da gawon na tsaya.

"Baffa, ina jin a nan iyakar take."

"Kana ji, ko ka sani?"

"Muna yara dai kamar a gonar Malam muke tsintar 'ya'yan gawon nan."

"Muna yara," ya maimaita yana dariya. "Kai da ka yi shekara goma sha kana cin shinkafar gwamnati, za ka nuna min iyaka? Zuba iri, mai digiri, rana na yi."

Muka ƙara layi uku, muka haɗa da gindin gawon. Ba zan ce Baffa ƙarya ya yi da gangan ba. Mai yiwuwa haka ya tuna. Amma akwai abin da ya kamata in faɗa a kan kaina: Baba yana kwance a zaure, ya san iyakar nan kamar tafin hannunsa, na kuma wuce ta gabansa da yamma na gaishe shi ban tambaye shi ba.

Bayan kamar mako uku na fara noman firi. Wata safiya ina durƙushe a wajen, sai na ga wata ciyawa mai faɗin ganye ta tofo daga wani tsohon tushe. Na ɗaga kai na ga wata a gaba, da wata a gabanta, duk a miƙe kamar an ja igiya. Gamban ne bai mutu duka ba. Tushe takwas na ƙirga, kuma duk suna ta ɓangarenmu, kafin a kai gawon. Layin nan uku a gonar Malam na shuka su.

Ba kowa a kusa. Ɗan tofon gamba kuwa, ga wanda ba ya dubawa da kyau, ciyawa ne kamar kowace ciyawa, kuma aikin da ya kawo ni ke nan, cire ciyawa. Na sa fartanya na sare na farko. Na sare na biyu. Da na zo na uku sai na janye fartanyar. Na bar wajen na koma can yammacin gonar na ci gaba da noma.

A jami'a ina cikin zumuntar ɗalibai Kirista, kuma ba abin da muka fi magana a kai kamar yaƙin ruhaniya. Muna taruwa mu ɗaga murya, mu tsawata wa ruhun talauci da ruhun ciwo da ikokin duhu. Ba raina wannan nake yi ba, na amfana da shi. Sai dai a zuciyata na ɗauka abokin gaban nan daga waje yake zuwa, daga wajen mayu ko masu asiri ko wani mugun mafarki, kuma idan ya zo zan gane shi. Abin da ya same ni a kwana huɗun da suka biyo baya bai yi kama da haka ba. Tunani ne kawai, da muryata, cikin natsuwa, kuma kowanne yana da ma'ana.

Malam ai ba zai shuka wajen ba bana, ƙasa za ta zauna a banza. Mu takwas ne a gida, ga Baba a kwance. Idan an yi girbi sai in kai masa dami ɗaya a matsayin alheri. Baffa babba ne, ina ni ina ƙaryata shi. Wanda ya fi kama ni kuma shi ne wannan: mu 'yan kaɗan ne a yankin, maganar iyaka ba ta da daɗi, idan na tayar da ita wa ya san inda za ta tsaya? Yin shiru shi ne zaman lafiya.

Ran Lahadi na je sujada na yi waƙa tare da kowa. Na yanke shawarar zan yi azumin kwana uku in nemi nufin Allah a kan lamarin, na kuwa ji daɗin wannan shawara ƙwarai.

Inna ce ta fara lura. Ta kawo min kunu gona ran Litinin, ta ga ko'ina an nome sai wajen gawon da ciyawa ta fara rufewa. Ta ajiye kunun ta koma gida. Washegari da hantsi na dawo ɗaukar dutsen wasa fartanya, sai Baba ya kira ni daga zaure.

"Zo nan. An ce ka bar wa ciyawa gado a gabas."

Na zauna a bakin tabarma. Na fara kewaye-kewaye, daga baya na faɗa masa duka, har da biyun da na sare. Yana saurare yana kore ƙuda daga ƙafarsa.

"To, me ya ce maka?"

"Wa, Baba?"

"Wanda kuke ta hira da shi kwana huɗu. Ai ba kai kaɗai kake gonar ba."

Na jero masa dalilan ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan damin alheri sai ya yi dariya har ƙafar ta motsa ya cije leɓe.

"Wannan tsohuwar dabara ce. Ya taɓa kawo min ita a kan wata akuya da ta shigo garkenmu. Ka ɗauki na mutum, ka gutsura masa, ya yi maka godiya. Ci gaba."

Na faɗi maganar zaman lafiya. A nan bai yi dariya ba.

"Ka ga, ba ya kawo ƙarya zalla. Gaskiya ne mu kaɗan ne. Gaskiya ne akwai yunwa. Da gaskiyar yake naɗe abin. Amma zaman da muka yi da mutanen nan tun kakanka, a kan me ya tsaya? Sun san ba ma matsa iyaka. In wannan ya tafi, me ya rage mana?"

Na ce ai shi ya sa nake so in yi azumi in nemi jagora.

"Azumin da farin nan ya ɗora mana bai ishe ka ba?" Ya gyara kwanciya. "Abin da ka riga ka san amsarsa ba a yi masa azumi. Kwana uku kake nema don gero ya ƙara tsawo, zuciyarka ta ƙara sabawa. An koya mana mu yi tsayayya da Shaiɗan, ba a ce mu zauna muhawara da shi ba. Ya fi ka karatu, duk digirinka. In ka tsaya kuna musu shi zai ci. Tashi ake yi a tafi."

"Baffa fa?"

"Baffanka ba shi ne abokin gabanka ba. Kada ka je ka ɗora masa. Bar ni da shi." Ya kama hannuna ya yi addu'a gajeriya, wadda ba ta kai minti ɗaya ba, ya roƙi Ubangiji ya gafarta min biyun da na sare, ya ba ƙafafuna ƙarfi. Sannan ya ce, "Yanzu, ba da yamma ba."

Tafiyar ba ta da nisa, amma sau biyu ina tsayawa a hanya. Na tarar da Malam a inuwar darbejiya a ƙofar gidansa, yana tufka igiya da lalube. Na durƙusa na gaishe shi.

"Muryar wa nake ji? Mai digiri? An ce ka dawo ka kama sana'ar jahilai."

"Na dawo, Malam."

"Ya ƙafar babanka? Ka ce masa ya daina shan ruwan kududdufi, ya ƙi."

Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Na yi ta sa "wataƙila" da "kamar" a cikin maganar, har ya katse ni.

"Kai, ka shuka ko ba ka shuka ba?"

"Na shuka."

"To kai ni."

Ya dafa kafaɗata muka tafi a hankali. A gonar ya tsuguna yana shafa ƙasa, yana kama tofon gamban ɗaya-ɗaya yana murza ganyen a yatsunsa. Ya ce mahaifinsa da kakana ne suka dasa shi. Da ya zo inda na sare, ya daɗe hannunsa na kan tushen.

"Nan fa? Ba akuya ba ce ta yi wannan."

"Ni ne."

"Da kuskure?"

"Da gangan, Malam."

Ya sake shafa tushen.

"Zai tofo," ya ce. "Gamba ba ya mutuwa da sara ɗaya."

Dole in faɗi gaskiya, a hanya na sa rai zai ce ya bar mana geron bana, tunda na zo da kaina. Bai ce ba.

"Ba zan yi maka ƙaryar na yafe geron ba, gidana ma babu. Ƙasa tawa ce, iri naku ne, gumi naka. Ka ƙarasa nomansa. In Allah ya kai mu kaka, kashi biyu nawa, ɗaya naku. Ka yarda?"

Na ce na yarda.

"To ɗaga ni, gwiwar nan ba ta jin magana."

Baffa ya yi kusan wata ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Ban san abin da suka yi da Baba ba, ban kuma tambaya ba. Na nome layin nan uku, na yi maimai, na huɗe su kamar sauran. Abin mamaki, ban taɓa jin daɗin aiki a gonar nan kamar a waɗannan makonni ba, ko da yake na san yawancin abin ba namu ba ne.

Har yau ba na iya cewa na ci wannan yaƙi da ƙarfina. Da Inna ba ta lura ba, da Baba bai kira ni ba, ban san abin da zan yi a ƙarshen azumin nan ba. Ina so in yarda cewa da na je wajen Malam, amma ba zan rantse ba. Abin da na iya ɗauka dai shi ne, idan na ji wani tunani yana ba ni dalilai masu kyau har guda biyar a kan in yi shiru, nakan nemi wani in faɗa masa da baki. Sau da yawa kafin in gama faɗa na ji yadda abin yake.

Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar. Geronmu ya yi rabi-rabi, na gindin gawon kuwa ya yi kai masu kauri. Dami shida aka ɗaure a wajen. Ranar da zan kai wa Malam nasa huɗu, na rasa jaki, sai ga Baffa ya zo da nasa ba tare da na roƙe shi ba. Muka ɗora, yana ta mita a hanya cewa a duniya bai taɓa ganin wanda ya yi wa wani noma kyauta ya kuma kai masa har gida ba.

Malam ya fito ya shafa dammunan, ya zaro kai ɗaya ya auna a hannu.

"Wa ya zo da kai? Ina jin warin taba."

"Ni ne, Malam," in ji Baffa.

"Sarkin iyaka da kansa. Sannu da hanya."

Baffa ya sauke dami na ƙarshe, ya karkaɗe rigarsa. "To tunda gawon ya zama naka, 'ya'yansa fa in rani ya yi? Awakina sun saba."

"Shekara nawa suna ci ban hana ba? Ku tsinta. Amma a turo mai digiri ya riƙa ƙirgawa, kada ku wuce layi uku."

Matarsa ta aiko mana da ruwa a ƙwarya, muka sha, muka kora jakin muka kama hanyar gida.